Ɗanasabe Marini da Jan Rini

Duk wanda ya zauna a Bebeji a shekarun baya ya san Ɗanasabe marini, in bai riƙe sunansa ba zai riƙe hannunsa. Daga yatsu har gwiwar hannu shuɗi ne, sabulu ya yi iya yinsa ya haƙura. Mijin yayata Tasalla ne, saboda haka akwai wasa tsakanina da shi, kuma ban taɓa raga masa ba. Nakan ce Yaya ta yi ƙoƙari da ta yarda wannan hannu ya riƙa shiga akushinta. Shi kuma ya ce, "Balaraba, da ke na aura da tuni na tsoma bakin nan naki a marina, ko ya yi nauyi."

Mutum ne mai haƙuri, amma taurin kansa ya fi haƙurin yawa. Lokacin da rinin gwangwani ya shigo kasuwa, ja da kore da ruwan ɗorawa, abokan sana'arsa suka bar ramukan shuni ɗaya bayan ɗaya, don wannan a tukunya ake dafa shi a gama kafin azahar. Ɗanasabe ya ƙi. Ya ce ja ba rini ba ne, kwalliyar 'yan kasuwa ce. Haka ya ci gaba da rina rawuna da zannuwa yana kaiwa kasuwar Kafin Maiyaƙi, ciniki yana raguwa, shi ko a jikinsa.

A shekarar 1984, bayan an gama girbi, Yaya ta fara ciwo. Da farko dariya muka yi, don ta zuba gishiri a miya ta manta ta sake zubawa. Sai ta fara ɓata a hanyar rijiya, rijiyar da take zuwa tun tana amarya. Sai tafiya ta zama tangaɗi. In kwano ya faɗi, duk jikinta ya zabura. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka kai ta asibiti a Kano. Wani likita mai furfura ya ce yana zargin wata cuta ce ta ƙwaƙwalwa da ba kasafai ake ganinta ba, ba ta da magani, kuma ba a tabbatar da ita sai an duba ƙwaƙwalwar bayan rai ya yi halinsa. Ɗanasabe ya ce a ba shi matarsa su tafi gida. Kafin damina ta tsaya mun binne ta.

Mutanen gari kuwa suka ce hauka ta yi, wasu suka ce aljanun marina ne suka shafe ta. Na ɓata da gidaje da yawa a kan wannan magana, kuma har yau ban yi nadama ba. Shi dai Ɗanasabe bai tanka wa kowa ba. Ya daina raha, ko ni in na tsokane shi sai ya kalle ni kawai.

Ɗansa namiji ɗaya ne, Surajo, sauran duk mata ne suna gidajensu. Uban ba ya kama sunansa, sai dai "yaron nan". Surajo yana ajin ƙarshe na sakandare uwarsa ta rasu. Ya wuce Zariya ya karanta likitancin dabbobi, uban yana murna a ɓoye, yana ganin yaro zai dawo ya riƙa duba shanun Fulani daga Kiru har Falgore. Sai ga shi an ba shi gurbin ƙaro karatu a Birtaniya. Shekara ta bi shekara. Wani da ya je can ya dawo da labarin wai ya tarar da Surajo a wani ɗaki cike da kejin ɓeraye, yana ba su abinci yana yi musu allura. Shi ke nan gari ya samu na yi, aka sa masa likitan ɓera. Wannan suna ya ci wa Ɗanasabe rai ƙwarai.

A 1996 Surajo ya zo hutu, daidai lokacin da rediyo ba ta da zance sai na cutar haukan shanun Ingila. Tun kafin ya sauke jaka uban ya gama yanke hukunci. Ya ce mini, "Na tsufa, Balaraba. Ko dai ya zauna, ko ya tafi ba da yawuna ba." Surajo kuma ya same ni ya ce, "Inna, in Baba bai yarda ba, ba zan koma ba. Amma aikin da na baro, rabinsa na yi." Ya faɗa idonsa a ƙasa. Na tausaya masa, na kuma ji haushin su biyun, don ba mai iya buɗe baki ya yi wa ɗan'uwansa magana.

Hutu ya kusa ƙarewa na ga abin ba zai yiwu haka ba. Wata rana da hantsi na dama fura na kai gidan. Na tarar da Ɗanasabe a tsakar gida yana ninke rawunan da ya rina, Surajo yana gefe kamar baƙo. Na ajiye ƙwarya na ce, "Malam, shekara da shekaru kana fushi da ɓeraye, ka taɓa tambayar laifin da suka yi?"

Ya harare ni. Can ya ce, ba tare da ya ɗaga kai ba, "To kai, wai me kake nema a jikin ɓera?"

Surajo ya matso. Ya ce cutar da ke damun shanun can tana da 'yan'uwa, akwai ta tumaki, wadda ke sa tunkiya ta yi ta soshe jikinta a bango, akwai kuma ta mutane. Ya ce abin mamakin shi ne, yawancin masu binciken suna ganin ba ƙwayar cuta mai rai ce ke kawo ta ba. Ya ɗauki rawani ɗaya ya ce, "Baba, akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwar kowa, yana da ninkinsa na daidai. Wata rana sai ɗaya ya ninku a karkace." Ya karkata ninkin rawanin, ya ɗora wani a kai. "Duk wanda ya jingina da shi sai ya ɗauki karkacewar, shi ma ya ba na gaba. Da haka har ƙwaƙwalwa ta lalace."

"Ka gyara mini rawanina," in ji uban. Amma na ga ya daina abin da yake yi.

Surajo ya ce ɓerayen su ake gwada magani a kansu. Cikin abubuwan da aka gwada har da wani rini, wanda ke manne wa karkataccen sinadarin ya rage masa saurin ɓata sauran.

"Rini?" Ɗanasabe ya ɗago kai a karo na farko. "Wane iri?"

"Ja ne, Baba."

Wallahi na kasa riƙe dariya. Na ce, "Ashe kwalliyar 'yan kasuwa tana da rana!" Ya buɗe baki zai rama, sai na ga fuskarsa ta sauya. Ya dubi ɗansa ya daɗe, sannan ya ce a hankali, "Cutar nan ta mutane da ka ce. Yaya take kama mutum?"

Surajo ya lissafa: mantuwa, tangaɗi, zabura, ɗaukewar magana, duk cikin 'yan watanni. Ya ce, "Ba zan rantse ita ce ta kama Umma ba, tunda ba a duba ba. Amma tun ranar da likitan nan ya yi magana a gabana nake bin sawunta."

Ni kaina sai a ranar na san dalilin tafiyarsa. Na ji kunya ta rufe ni.

Uban ya ce, "Wannan jan, da akwai shi a lokacin, da ta tashi?"

"A'a, Baba. Ba a ba mutane shi, yana da illa. Ko a dabbobin gwaji ba ya warkarwa, sai dai wasu su ƙara kwanaki kafin ciwon ya kayar da su. Amma a da ko wannan ba mu da shi. Yanzu mun san abin yana taɓuwa, muna neman wanda ya fi shi."

"Kwanaki," in ji Ɗanasabe. Ya shafa rawanin da ke cinyarsa. "Akwai ranar da na shiga ɗakinta da kunu. Ta jawo mayafi ta rufe fuska, ta ce, 'Malam, maigidan ba ya nan, ka jira a zaure.' Na fita na zauna a zaure ina jiran kaina. Ban taɓa gaya wa kowa ba." Ya share ido da bayan hannu. "Da a ranar wani ya ce zai ba ni kwana ɗaya da za ta gane ni, da na ba shi marinar nan da gidan nan."

Furar ma ba a taɓa ta ba.

Sai Ɗanasabe ya ce, "Yaushe jirgin naku?"

Surajo ya faɗa masa.

"To ka koma. Ka riƙa zuwa dai ina ganinka, kada sai an aika maka." Ya miƙa hannu ya dafa kansa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba tun yaron yana goye. "Allah ya yi maka albarka, Surajo. Akwai wani can kamar ni yana zaune a zaure yana jira, ka hanzarta."