Kunun Shinkafar Waihan

Ranar tana cikin ranakun nan na watan Maris da iskar kudu ke shigo wa birnin Foshan da danshi, bango ya yi ta gumi, daɓe ya yi santsi, wanki ya kwana uku a rataye bai bushe ba. Tam Waihan ta fito da sassafe, hannu ɗaya riƙe da mijinta, ɗayan riƙe da fulas, suka nufi asibitin unguwa. Shekararta sittin da tara a lokacin. Wata goma sha tara ke nan tana wannan rakiya duk farkon wata, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa taka ɗakin likita ba.

Mijin nata, Kwong Saiwing, mai sassaƙa hatimi ne. Yana da 'yar rumfa a bakin layi, faɗinta bai wuce na ƙofa biyu ba, inda yake zama da ɗan dutse kamar yatsa yana fitar da sunan mutum a jikinsa. Aikin ido ne zalla. Da ciwon suga ya kama shi, likita ya ce in ba a sauke shi ba idon ne zai fara tafiya, wannan maganar kaɗai Saiwing ya kawo gida cikakkiya. Sauran kuwa, in ta tambaya sai ya ce ai babu wani sabon abu, an ce a rage zaƙi.

Waihan ba ta rage ba, kawar da shi ta yi gaba ɗaya. Ta kwashe sukarin gidan ta ba maƙwabta. 'Ya'yan itace masu zaƙi, lemo da lici, suka daina shigowa. Kek ɗin bikin wata da 'yarsu ta aiko daga Shenzhen ko buɗe kwalin ba ta yi ba, ta miƙa wa mai shara. Ta rinƙa soya masa garafuni har ya ce harshensa ya manta wani ɗanɗano in ba ɗaci ba. Ta tafasa masa gemun masara. Sannan ta yi abin da kowace mace a layin za ta yi wa marar lafiya, wato ta ɗora masa kunun shinkafa.

A kunu kuwa babu mai kama ƙafarta. An haife ta a ƙauye, ta yi wayo a shekarun yunwa, kuma takan ce da ruwan shinkafa cokali uku uwarta ta riƙe ranta lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ita. Ta yi shekara ashirin da shida a masana'antar tangaran tana shafa wa kwanuka fenti, amma ko a lokacin, duk wanda ya kwanta a gidan ma'aikata ita ake aika wa ta yi masa kunu. Ƙarfe biyar take tashi. Ta wanke farar shinkafa, ta jiƙa ta da ɗan mai da gishiri, ta bar ta a wuta awa biyu tana juyawa, sai ƙwayar ta narke ta zama kamar madara. Babu sukari ko ɗis. Da ta ga mijinta yana ramewa sai ta mai da kwano ɗaya ya zama biyu, ta ƙara masa wani da yamma.

'Yarsu ta saya musu abin awon suga, Waihan ta koyi tsira masa allurar a yatsa bayan karin kumallo. Lambar da ya kamata ta tsaya wajen takwas ko tara sai ta nuna goma sha biyar. Gobe goma sha shida. Ta ce na'urar ce ta lalace, aka sayo wata, ita ma bakinsu ɗaya da ta farko.

Daga nan ta fara zarginsa. Ta bincike aljihunsa, ta ɗaga akwatin kayan aikinsa, ta shinshina bakinsa in ya dawo. Wata safiya ta bi shi a baya har gidan shayin da yake zama da tsofaffin abokansa, ta tsaya a bakin teburin ta ce a gaya mata wanda ke ba shi kayan zaƙi.

Pun mai aski, wanda suka taso tare da Saiwing, ya ajiye tsinken cin abincinsa ya ce, "Matar yaya, zauna mana, kin tsaya mana a ka kamar mai karɓar haraji. Wannan mijin naki? Shayi kawai yake sha yana bin farantinmu da ido. Jiya na ce ya shaƙi ƙamshin kek ɗina kyauta, ya ce kina iya jin sa a rigarsa."

Aka yi dariya, ban da ita. Ta ce duk bakinsu ɗaya, tsofaffin banza, in ya makance su ne za su riƙe masa sanda. Saiwing bai ɗago kai ba, yana ta juya kofinsa.

Ido kuwa ya ci gaba da ja baya. Ya fara ganin wani baƙin zare yana yawo a idon hagu. Wata rana ya ɓata wa wani ango hatimi, ya yanke layi ɗaya daga cikin sunan, abin da bai taɓa yi ba cikin shekara arba'in. Ya dawo gida. Ta ga fuskarsa, ta zubo masa kunu.

A asibiti, dokarsa ce ta zauna a benci. Yakan ce mata surutunta ya yi yawa, likitoci ba su da lokaci, kuma shi ba yaro ba ne da za a shiga da shi ana riƙe masa hannu. Takan yi mita, amma ta zauna. Tun da ba ya cin komai kafin a ɗebi jini, sai ta riƙo masa kunun a fulas, da ya fito su koma can ƙarshen baranda ta zuba masa.

A ranar da ake magana, santsin daɓe ya sa an toshe ƙarshen barandar ana gogewa, don haka a bencin ƙofar ɗakin ta buɗe fulas ɗin. Tana cikin zubawa wata nas mai suna Yip ta fito da takardu a hannu, mace mai kimanin shekara hamsin, ta tsaya ta dubi kwanon.

"Inna, wannan na wa ne?"

Waihan ta ce na maigidanta ne, tun jiya bai sa komai a ciki ba. Ta ƙara da cewa babu sukari a ciki, ita ba ta wasa da wannan.

Nas ɗin ta juya wajen Saiwing. "Baba Kwong, sau nawa muka yi maganar kunu da kai?"

Ya tsura wa takalminsa ido.

Nas Yip ta zauna kusa da Waihan, ta yi mata bayani a hankali. Ta ce ita kanta shinkafar sukari take zama a jiki, kuma gwargwadon yadda ta narke a tukunya, gwargwadon saurin da take shiga jini. Kwano biyu na irin wannan kunu, in ji ta, bai da wani nisa da ruwan sukari. Ta ce tun bara suke roƙon Baba ya shigo da mai yi masa girki, shi kuma kullum sai ya ce matarsa ba ta da lafiyar ƙafa, ba ta iya zuwa.

Waihan ta dubi ƙafafunta, waɗanda suka tako da shi nan sau goma sha tara. Ta rufe fulas ɗin. Kunun da ta riga ta zuba kuwa ta shanye shi da kanta a tsaye, don ba a zubar da shinkafa a gabanta.

Suka iso gida. Sai da ta rufe ƙofa sannan ta juyo gare shi.

"Kai tsoho. Tun yaushe ka sani?"

"Tun zuwan farko."

"Ka bar ni ina bin ka gidan shayi ina zubar da mutuncina a gaban Pun."

Ya ce ya so ya faɗa. Ya ce yakan ji ta tana tashi ƙarfe biyar, yana jin ludayi yana karo da tukunya, sai ya rasa ta inda zai fara. Yaya mutum zai ce wa matar da ta shekara arba'in da huɗu tana ciyar da shi hannunta ne ke cutar da shi? Sannan ya ƙara da cewa shi ma, gaskiya, yana son kunun.

"Wato ka gwammace ka makance da ka ce min na yi kuskure," in ji ta. "Ni ka ɗauke ni tangaran ce, da an taɓa in fashe?"

Ta yi kwana shida ba ta yi masa magana, sai dai ta dire masa abinci ta wuce. Maƙwabta da suka ji labarin suka ce ai tausayinta ne ya ji, ta ce su riƙe tausayin, ita idon mijinta take so.

Wata na gaba ta riga shi shiga ɗakin likita, ta zauna a kujerar marar lafiya, shi ya tsaya a bayanta. Ta zo da littafi da biro. Ta tambayi taliya, ta tambayi dankali, ta tambayi gwaza, ta tambayi miyar ƙashi, har likitan ya fara duban agogo. Da aka ce mata rabin kwano na shinkafa, ta ce wane kwano, don kwano iri-iri ne, ita ta yi aikinsu. Sai da aka ɗauko ɗaya aka nuna mata.

Sabon girkin bai zo mata da sauƙi ba. Ganye da kifi a fara, shinkafa mai dusa daga baya, ita ma a tsaitsaye. Takan ce wannan ba abincin marar lafiya ba ne, abincin kaji ne, kuma hannunta har yanzu yakan kai wa kwanonsa ƙari kafin ta tuna ta janye. Shi ma yana mita. In ya ce ƙwayar tana masa tauri, sai ta ce ya je ya gaya wa Nas Yip, tun da maganarta ce ya iya ɓoye wa matarsa.

Yanzu Saiwing yana da shekara saba'in da huɗu. Sugan ya sauka, yana yawo tsakanin takwas da tara. Idon hagu bai dawo ba, na dama yana nan da tabarau. Ya daina karɓar ƙananan hatimai, rumfar kuma kwana uku take buɗewa a mako. Waihan ce ke riƙe da katin asibitinsa, kuma ita ke amsa tambayoyin likita.