Mutumin da Ya Sa Kwamiti Cire Takalma

Da hantsin Laraba, tara ga watan Afrilu, ina tsakiyar raba wa malamai alli, 'yarka ta kira ni ta ce ka cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye allin, na tsaya a tagar ofis ina kallon kwarin bayan azuzuwa, wanda ka ƙare kwanakinka kana kare shi.

Kawu, a jami'a kai malamin kimiyyar ƙasa ne, amma a makarantar da nake shugabanta yara ba su san ka da wani suna ba sai Baba Ba-Takalmi. Tun da ka yi ritaya kake zuwa mana, ƙarfen awon zafi a aljihu, takalma a hammata. Sau nawa na ce kana ba ni kunya gaban iyayen yara? Dariya kawai kake yi, ka tsugunna ka soka ƙarfen a ƙasa, ka bar yara su karanta maka lambar. Ko ɗan aji ɗaya ne ya yi tambaya, sai ka amsa masa kamar ɗalibin digiri.

Kai ka koya mini dalilin da yara ke tserewa kwarin nan da an kaɗa ƙararrawar hutu. Ka ce, "Ɗiyata, rana ɗaya ce ke dukan filin duka. A tudu ƙasa take gasawa. A kwari ruwa na kusa, yana hawowa, sai zafin ya ƙare wajen busar da shi. Lokacin sanyi kuma wurin ya fi ɗumi."

Bana kwamitin iyaye ya ce a cike kwarin da ɓaraguzai, a zuba siminti, a yi wurin ajiye motoci. Na san in aka yi haka, yarana ba su da sauran inda za su sha iska. Ka zo zaman farko da lambobinka, suka yi ta hamma. Raina ya ɓaci, kai kuwa ko a jikinka. Ka ce, "Kunne na yi wa magana, shi ya sa. Ki sa zama na gaba da tsakar rana, ƙafa zan yi wa."

Allah bai nufa ka kai ba. Amma ban ɗaga zaman ba, Kawu. Ranar Asabar da ta wuce, rana na tsaka, na cire takalmina a bakin ofis, na ce kowa ya cire nasa. Shugaban kwamitin, mai kantin maganin nan da ya fi kowa son siminti, ya ƙetare dandamalin simintin da ke gaban ofis yana tsalle kamar wanda ya taka garwashi. Da muka sauka kwarin, sai ya nutsa yatsun ƙafarsa cikin ciyawa. Can ya ce, "Malama, motata ta ci gaba da tsayawa a titi." Babu wanda ya musa. Nan na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarka.

Ina miƙa ta'aziyya ga Inna, abokiyar zamanka, da 'ya'yanka da jikokinka da ɗalibanka. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya gafarta maka, Ya yi maka rahama. Yara na can cikin kwarin yanzu haka, ina jin hayaniyarsu. Allah Ya sanyaya makwancinka, Kawu. Amin.