Da Kawu Ya Tafi Ɗauko Shaida

Tun da aka fara zaman shari'a a ƙasar Zamfara, ban yi zaton an taɓa gurfanar da magana mai nauyin wadda muka shekara biyu muna saurare a kan bencin ƙofar shagon wani tela a Gusau ba. Maganar ita ce: da za a mayar da kawuna ɗan shekara ashirin da biyar, a haɗa shi a fage da ɗan damben nan na Furfuri da ake yayi yanzu, wa zai kai wani ƙasa? Alƙalan mu shida ne, wani lokaci bakwai in direban da ke jigilar Tsafe ya dawo da wuri. Mukan zauna bayan la'asar mu tashi da kiran magariba. Ba mu taɓa yanke hukunci ba, kuma ina jin da gangan ne, domin in wannan magana ta ƙare, babu abin da ya rage sai zancen abin da ya koro rabinmu zuwa Gusau.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, mahauci ɗan mahauci, daga wani ƙauye a gefen Bilbis. Ya baro garin da tsakiyar damina, shi da matarsa da buhun gero biyu, bayan mutanen daji, wato 'yan bindiga, sun aiko da saƙo karo na biyu. Na ba su ɗakin da ke kusa da zaure. A zamaninsa, in an gama girbi, 'yan dambe kan bi gari gari da makaɗansu, a share masussuka ta zama fage, a ɗaure hannu da zare, a yi ta yi har wani ya dafa ƙasa. Kawu bahago ne, kuma an ce hagun nan tasa ta raba mutane da haƙora daga Tsafe har Bungudu. An ce. Ni lokacin ina makarantar kwana ina haddace sunayen kogunan ƙasashen da har yau ban je ba.

Shi kuwa ɗan Furfuri ba ya buƙatar a ce. Yana cikin wayar kowa. A gidan dambe yake wasa, inda ake yankar tikiti, akwai rumfa da alƙali mai usur. Tela kan ajiye almakashi ya nuno mana shi yana kai wani ƙato ƙasa, a maido baya, a sake kai shi ƙasa, sau nawa muke so.

"Baba, ka ga sauri?" in ji direba. "Kamin ka ɗaga hagun nan taka ya gama ya tahi gida."

Kawu kan kanne ido ɗaya ya leƙa wayar. "Wanga yaro hannu nai na riga ƙahwa tai tahiya. Turmi guda ya ishe ni da shi." Turmi, a bakin 'yan dambe, zagaye ɗaya ne na wasa.

"Turmi guda ka kwanta, ko turmi guda ya kwanta?"

"Uban wa ka kwantawa? Mu da munka yi dambe da hura a ciki, ba ruwan leda ba."

Tela yana bayan mutanen da, domin a ganinsa komai na da ya fi ƙwari, har da zaren ɗinki. Direba yana bayan na yanzu. Sauran sukan bi wanda ya sayi gyaɗa ran nan. Ni ne dai malamin tarihi mai ritaya, wanda ya yi shekara talatin yana gaya wa ɗalibai cewa labarin da ba shi da madogara tatsuniya ne, kuma wannan ɗabi'a ba ta yin ritaya tare da mai ita.

Wata Litinin cikin kaka, Kawu ya kai ƙarshen labarin yadda ya kayar da wani ɗan dambe a kasuwar Bilbis, labarin da ƙaton da ke cikinsa ke ƙara tsawo duk wata, sai na gyara gilashina na ce, "Kawu, shi wannan ga hotonsa muna gani. Kai wa ya gan ka?"

Aka yi dariya. Shi bai yi ba. Na ga yana lanƙwasa yatsu, sai daga baya na gane mutane yake ƙirgawa. Sarkin fawan garinsu ya rasu. Abokin tafiyarsa an ɗauke shi a gona bara waccan, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Wasu suna Funtuwa, wasu ba wanda ya san inda suka nufa. Garin da ya gan shi yana dambe ya watse, ni kuma na zauna a kan benci ina neman ya kawo mini madogara.

"Akwai wanda duk wasan da niy yi shina wurin," ya ce a hankali. "Makaɗina. Shina nan da rai, bayan 'Yankuzo."

Ɗan dambe ba ya shiga fage sai makaɗinsa ya buga masa takensa da kalangu. Ke nan babu wasan Kawu ko ɗaya da wannan mutum bai halarta ba. A ma'aunin da nake koyarwa, shaida ce ta ganau, irin wadda ake ba cikakken maki.

Direba ya daina dariya. "Baba, ba a zuwa can."

"Mutane na zamne can."

"Suna zamne don ba su da inda za su."

Na ce wasa nake yi. Na ce na yarda, turmi ɗaya ya ishe shi. Kawu ya dube ni kamar yadda yake duban saniyar da aka kawo masa da farashin ƙarya, ya ce, "Malam, ba ka yi ƙarya ba. Mi za ka janye?" Bai taɓa ce mini Malam ba sai ran nan, da ɗan boko yake kirana.

Washegari da hantsi ya bi direba zuwa Tsafe. Daga can sai babur, in an sami mai babur da zai yarda. Direba ya taɓa bayyana mana yadda ake bin hanyoyin nan yanzu: ba ka duban gabanka, ka dubi hannun da ke tahowa. In motoci na fitowa daga inda ka nufa, ci gaba. In ka yi tafiya mai ɗan nisa ba ka gamu da ko jaki ba, juya, kada ka tsaya tambaya. A hanyar bayan 'Yankuzo, ya ce, ba wani abin da ke tahowa ko ranar lafiya, don haka ba ka da abin dubawa.

Inna, matar Kawu, ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye mini kunu ta ce, "Kai kat tura shi," ta koma ɗaki. Wannan ne kawai abin da ta ce mini har kwana uku.

Wayarsa ba ta shiga, amma wannan ba labari ba ne, can babu sabis. Abin da muke tsoro shi ne tawa ta yi ƙara da baƙuwar lamba. Kowa a unguwarmu ya san irin wannan kira na neman kuɗin fansa, ya san yadda ake fara shi da sallama cikin ladabi. Ranar Laraba ta yi ƙara sau biyu. Na farko wani tsohon ɗalibina ne ke gayyata ta suna. Na biyu aka yi shiru, ina jin iska da kukan akuya, sannan aka kashe. Na kira, ba ta shiga ba. Ban gaya wa Inna ba.

Ranar Alhamis direba ya dawo da wuri, bai yi lodi na biyu ba. Ya ce ya wuce wata mota a gefen titi, ƙofofinta huɗu a buɗe, buhunan barkono na nan a bayanta ba wanda ya taɓa. Muka zauna a benci, mutum shida. Tela ya ciro waya, ɗan Furfuri ya fito yana tsalle, sai ya mayar da ita aljihu. Na zauna ina bitar tambayata kalma kalma, kamar mai gyaran jarrabawa, ina neman inda na yi kuskure. Babu kuskure a cikinta. Wannan ya fi damuna.

Ranar Juma'a kafin a tafi masallaci suka iso a bayan wata motar itace. Kawu ba hula ba takalmi, ƙafafunsa duk kaushi da tsagar kara. Tare da shi makaɗin nasa, wani tsoho siriri, rungume da buhu. Abin da Kawu ya faɗa game da hanya bai fi jimla biyu ba: sun yi rabin yini kwance cikin dawar mutane, baburan mutanen daji na wucewa, ya fara ƙirga su ya bari. Inna ta kawo ruwa a roba ta ajiye a gabansa, ta zauna tana kallon ƙafafun. Shi makaɗin, ashe yana da 'ya da ke aure a Gusau, ya daɗe yana neman abokin tafiya.

Da la'asar bencin bai ɗauke mu ba, sai da aka aro tabarma. Tsohon ya kwance buhu ya fito da kalangu, ya matse shi a hammata, ya buga taken a hankali don kada unguwa ta firgita. Na ga hagun Kawu ta fara tsuma irin ta ɗan damben da ya ji takensa, daga kafaɗa har yatsu, mutumin da ya haura sittin, ƙafa a kumbure. Ban taɓa ganin haka ba, kuma na ji kunya.

Tela ya miƙa wa makaɗin waya. Ya kalli ɗan Furfuri sau biyu, ya ce yaro ne mai kyan jiki, Allah ya raya shi.

"To, Baba," direba ya ce wa makaɗin, "kai kag ga na da, ga na yanzu. Wa ka kai wani ƙasa?"

Tsohon ya dubi Kawu, ya dube mu. "Ni ina zan sani, ɗana? Makaɗi ba fage shika kallo ba. Baya nika ba fage in fuskanci masu kyauta, in ga wa ka sa hannu aljihu. In an yi ihu, sai in tambayi na kusa wa yaf faɗi."

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana yi wa Kawu kiɗa, bai taɓa ganin ya kai naushi ko ɗaya ba.