Mun Je Tajaye da Waƙarsa, Mun Dawo Babu

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar tashar Konni, ni da maiɗakina da yaronmu mai shekara huɗu. Ɗan farina ne, don haka kada ku sa ran jin sunansa a bakina. Bara ne likita a Yamai ya ce yana da lalurar da suke kira otizim. Ba ya magana, ba ya son hayaniya, ba ya yarda a taɓa shi. Abin da yake da shi kawai wani ɗan amo ne, "mmm", da yake yi cikin maƙogwaro idan ransa ya kwanta. A gidanmu waƙarsa muke ce masa, da ita muke gane ya ƙoshi, da ita muke gane babu inda ke masa ciwo.

Babana ne ya aiko daga ƙauyenmu da ke bayan Tajaye cewa an gama girbi, a kai masa abokinsa ya gani. Na sayi kujerun gaba duka, jikka biyu-biyu, don kada a matse yaron. Wata tsohuwa a baya ta ce ashe har yanzu akwai masu kuɗi a Konni, yaro tsigil da kujerar gwamna. Na yi dariyar dole.

Motar irin wadda ke tafiya da addu'a ce. An ɗaura mata buhunan albasa a sama har ta sunkuya, ƙofar kuma sai direba ya zagayo ya dake ta da ƙafa take rufuwa. Amma rurin injin ya yi wa yaron daɗi. Ya manna kunne a gilashi ya kama waƙarsa tun daga Konni har Tsarnawa, inda jandarma ya leƙo ya duba takardu. Na saya masa burodi, don daga shi sai farar shinkafa yake ci. Mu muka sha furar wata Bafulatana ta dala talatin, mai sanyi kamar daga randa. Bayan Gidan Iddar muka sauka, muka hau kabu-kabu guda biyu. Gonaki sun zama karare, amalanken jakai sai wucewa suke da dammunan gero.

Abin da ya fara ba ni mamaki a ƙofar gida ya faru. Baba na zaune kan tabarma yana jan carbi. Yaron da ko uwarsa sai da dabara take rungumarsa ya tafi kai tsaye ya zauna kusa da shi, ya kama carbin yana murzawa. Can kuma ya kama yatsan tsohon ya riƙe. Maiɗakina ta juya baya tana share ido.

"Abokina, har yanzu ba ka iya gaisuwa ba?" in ji Baba. Sai ya dube ni. "Mi lokotoron Yamai yac ce?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Da sauƙi dai, Baba." Ku da kuka tashi a irin gidajenmu kun san yadda abin yake. Mutum ba ya zama gaban mahaifinsa ya yi ta bayani kan ɗan farinsa, sai a ce ba shi da kunya. Jika na kaka ne, abin da ya ga dama shi za a yi.

Washegari da hantsi na tafi bayan gari yin gaisuwar rasuwa, maiɗakina kuma mata suka ja ta gidan maƙwabta. Muka bar yaron riƙe da yatsan kakansa, hankalinmu kwance. Ina tsakiyar addu'a na ji ƙara. Na san kukansa na yunwa, na san na tsoro, wannan ban taɓa jinsa ba. Ko takalmi ban tsaya nema ba.

A zauren wanzami na same su. Ƙannena biyu sun danne shi, ɗaya ƙafafu ɗaya hannuwa. Wanzamin ya riga ya gama, yana goge askarsa. Jini ya ɓata gaban rigar yaron. Baba na tsaye da carbinsa, fuskarsa cike da murna.

"Linzami na, ga ƙarƙashin halshe," ya ce da ni. "Shi ad ɗaure mai baki. Haka anka yi ma ƙanenka, ga shi nan ya fi kowa surutu. In sha Allahu kahin ku kai Konni ka ji ya ce Baba."

Ashe Baba da kansa ya ja shi da yatsan nan har zauren, yaron ya bi shi yana waƙa. Kuma ba mugunta ba ce. Daga baya na ji tun da damina yake shirin wannan, har zakara ya kai wa wanzamin.

Na ture ƙannena na ɗauki ɗana. Karo na farko a rayuwata na ɗaga murya gaban mahaifina, na kira sunan yaron, na ce harshensa lafiya lau yake, a halittarsa abin yake, aska ba ta kaiwa can.

"To don mi ba ka gaya min ba jiya?" Baba ya tambaya a hankali.

A asibitin Tajaye aka tsayar da jinin, aka yi masa allura. Ranar ko ruwa ya ƙi sha sai da cokali. Da safe muka yi shirin komawa. Baba ya rako mu bakin hanya, ya durƙusa da ƙyar ya miƙa masa carbin. Yaron ya shige bayan zanen uwarsa. Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar.

Hanyar dawowa ba zan iya ba ku labarinta ba, don ban ga komai ba. Na dai san mota irin ta zuwa ce, rurin injin iri ɗaya. Na manna masa kunne a gilashi da hannuna, ya janye.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, duk mai yaro irin nawa ya zaunar da danginsa ya yi musu bayani tun kafin ya sauke jaka, ko da za a ce ba shi da ta ido. Suna son yaron, kuma za su yi masa maganin da suka sani.

Bakin ya warke yanzu, ya koma cin burodinsa. Baba yana aron waya kullum ya kira, tambayarsa ɗaya, ko abokinsa ya yi magana. A da ni ma abin da nake roƙon Allah ke nan, in ji ya ce Baba. Yanzu na rage roƙon. Idan ya ci ya ƙoshi nakan kashe rediyo in zauna kusa da shi in kasa kunne, ko zai ce "mmm". Har yau bai ce ba.