Ciwon da Baba ya faɗa da Sifaniyanci

Wata Laraba ce a daminar 2003, ina aji uku na firamare, Baba ya dawo daga kamfanin jimar fata da ke Challawa da tsakin rana, ya jingine kekensa a gindin darbejiyar tsakar gidanmu, ya kira ni da ƙanena Sani. Ban ankara ba ya mintsine ni a damtse. Na ƙwalla ƙara. Sai ya yi dariya ya ce, "Ba haka ake cewa ba, Uwata. Ki ce me duele." Inna tana surfe, ta tsayar da taɓarya tana kallonsa kamar wanda ya taɓu. Daga ranar nan yaren Sifaniya ya shigo gidanmu.

Aikin Baba a kamfani shi ne tsamo fatun awaki daga manyan kwatamai na sinadari, ya ware masu kyau daga masu tabo. Wani Bature ɗan Sifaniya, da ma'aikata ke kira Dogo, shi ke zuwa duba fatun da za a tura ƙasarsu. Jininsu ya haɗu da Baba, har suka riƙa musayar harshe lokacin hutun cin abinci. Baba kuwa mutum ne da ba ya iya riƙe sabon abu shi kaɗai. Ya bayyana mana cewa su can suna da wasu kalmomi guragu, waɗanda ba a ja su ko'ina yadda aka ga dama, sai dai su faɗo wa mutum: abu ya yi mini, ya yi maka, ya yi masa. Nan da nan muka mai da shi wasa. Wanda aka mintsina ya ce me duele, yana yi mini ciwo, wanda ya yi mintsinin ya tambaya te duele, yana yi maka ciwo, 'yan kallo kuma su amsa le duele, yana yi masa ciwo. Muka kai wasan makaranta, ya kori 'yar carafke har tsawon zango guda. A hanyar rijiya ma muna yinsa, da lokacin da aka tura mu tsinko rama a gonar kakanmu, wadda ruwan kamfani mai launin shuɗi ya fara cin gefenta.

Abin da kowa a gidan yake gani, ba wanda yake faɗa, shi ne hannuwan Baba. Sun fara da ƙaiƙayi, suka tsattsage, sannan gyambo ya buɗe tsakanin yatsu. Da safe Inna za ta shafa masa man kaɗanya, ya naɗe da tsumma ya hau keke. In ta yi magana ya ce, "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Ita kuma ta ce, "Malam, ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Amma Baba an haife shi ne a gidan da namiji ba ya raki, ko da kan gadon mutuwa aka gaishe shi, lafiya lau zai ce. Ga shi kuma ma'aikata sun yi imani cewa duk wanda ya furta ciwo a bakin kamfani, shi za a fara sallama.

Shekara ta zagayo, wutar lantarki ta yi ƙaranci, injuna suka riƙa kwana shiru, aka ce Dogo zai koma gida. A makonsa na ƙarshe ni na kai wa Baba abinci, dambu a kwanon sha. Ina tsaye a bakin ƙofa Baturen ya fito, ya miƙa wa Baba hannu, sai idonsa ya faɗa kan tsumman. Ya kama wuyan hannun a hankali, ya juya shi, ya ce, "Te duele?" Na san tambayar, na san amsarta, mun yi ta sau ba adadi a gindin darbejiya. Na buɗe baki, Baba ya yi mini kallo ɗaya na rufe. Ya zare hannunsa ya cusa a aljihun riga, ya yi murmushi ya ce, "Lafiya lau, alhamdu lillahi." Dogo ya sake tambaya, ya sake samun amsar. Daga baya direbansa ya gaya wa kawuna cewa a makon nan Baturen ya kai mutum biyu wurin likitansa a Bompai, waɗanda suka yarda suka ce suna jin ciwo.

Ɓoyon bai tsirar da aikin ba, domin kamfanin gaba ɗaya aka rufe. Hannuwan kuma suka ƙi warkewa, har fartanya ta gagare shi, har loma sai an ba shi a baki. Masu dubiya su cika zaure, ya amsa musu da sauƙi, da sauƙi. Wata ranar da hantsi, Inna ta tafi niƙa, ina wanke masa yatsu da ruwan ɗumi da gishiri, sai ya sunkuyo kusa da kunnena ya ce, "Uwata, me duele." Ba dariya a fuskarsa wannan karon. Na ci gaba da wankewa hawaye na zuba cikin kwanon. Bai ga daminar gaba ba.

Yanzu in na bi ta Challawa, katangar kamfanin na nan, ciyawa ta fito ta tagogi, gonar kakanmu kuwa an yanka ta filaye. 'Ya'yana ko ƙaya ta soke su sai unguwa ta ji, kuma ban taɓa hana su ba. Sifaniyancin duk ya zube mini, sai kalmomi biyun nan da ba na iya furtawa. A iya sanina, sau ɗaya Baba ya ce yana jin ciwo a duniya, kuma ya faɗa wa wadda ba ta da maganinsa.