Hular da Aka Sa wa Habu

Shekara bakwai ke nan da muka raka Alhaji Habu makwancinsa. Ɗan goggona ne, wato taubashina, kuma tare muka tashi a gindin Goron Dutse. Shi aikin allura ya gada, yana yi wa manyan riguna aiki a wuya, ni kuwa goro nake sayarwa. Karatuna bai yi nisa ba, sai masu karatu su yi haƙuri da rubutun. Tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ban tsokane shi ya rama ba. Haka wasan taubasai yake, babu mai fushi. Laifina shi ne ban san ranar da ake ajiye wasan ba.

Hawan jini ne ya kai shi asibiti, bayan wata safiya da bakinsa ya ɗan karkace sannan ya koma daidai. Likitoci suka ce in yana kwance komai nasa lafiya yake nunawa, don haka suna so su ga yadda zuciyarsa da ƙwaƙwalwarsa suke yi idan jiki yana aiki. Ni na raka shi. Aka sa ya cire riga da hula, aka manna masa wayoyi a ƙirji, aka kifa masa wata hular roba wadda ita ma duk wayoyi ne, sannan aka ɗora shi a kan keken da ba ya zuwa ko'ina. Likitar da ke yin gwajin yarinya ce, sa'ar 'yarsa ta fari.

"Baba, da zarar ka ji nauyi a ƙirji ko jiri, ka ɗaga hannu mu tsaya," in ji ta.

"To, 'yata."

Ni kuma daga gefe na ce, "Taka mana, rago! Yau sai ka kai mu Wudil."

"Kai da ko jaki ba ka iya hawa ba?" ya ce, yana haki.

Gumi ya jiƙa shi. Duk lokacin da ta tambaye shi sai ya ce lafiya lau, hannun nan kuwa bai ɗaga ba, don ba zai yarda ya gaza a gabana ba. Ita da kanta ta ga layukan da ke gudu a allon na'ura sun canja, ta tsayar da keken. Ta zaunar da mu ta yi mana bayani da Hausa tsantsa: idan aiki ya yi wa jikinsa yawa, jini ba ya isar zuciyar, ƙwaƙwalwar ma tana nuna alama. Ta ce ya ci gaba da tafiya a ƙasa a hankali, a shimfiɗaɗɗiyar hanya, amma ban da hawa. Ta maimaita, ban da hawa.

A bakin ƙofar asibiti ya riƙe hannuna ya ce, "Sale, wannan maganar kada ta je majalisa." Na ce ya kwantar da hankalinsa. Kafin magariba na kai ta.

A lokacin mu dattawan majalisar mun saba, in an idar da sallar asuba, mu hau gefen dutsen mu sauko don motsa jini. Na ba su labarin hular da keken har da kwaikwayon hakinsa, na bar maganar jinin da ba ya isar zuciya, don ita ba ta da daɗin dariya. Habu ya bi umarnin likita na ɗan lokaci. Muna hawa, shi yana zagaya gindin dutsen shi kaɗai. Malam Uba, maƙwabcinmu mai sayar da littattafai, shi ne yake ɗaga murya daga sama: "A gai da mai hular waya!" Habu ya yi murmushi ya ɗaga sanda. Ya daina ramawa, ni kuma ban tsaya na tambayi kaina dalili ba.

Wata safiya sai ga shi a cikinmu ya kama hanyar sama. Duk taron nan ni kaɗai na ji abin da likita ta faɗa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Rago ya tuba." Ya kai har sama, ya sauko da ƙafarsa, ya zauna a dakalin masallaci ya nemi ruwa. Kafin a samo mota rai ya yi halinsa.

Uwargidansa, Hajiya Rabi, da na je na faɗa mata komai, cewa ta yi, "Malam Sale, kwana ne ya ƙare." Na yarda da haka, ba na jayayya da hukuncin Ubangiji. Amma kwanansa daban, abin da harshena ya aikata daban, kuma ni za a tambaya a kai.

Yanzu in na fito da safe ina ganin tsofaffi sa'o'inmu da agogon da ke ƙirga bugun zuciya a hannu. 'Ya'yansu ne suke sayo musu. Agogon ya yi ƙara, mutum ya nemi wuri ya zauna, babu mai ce masa komai. Nakan yi tunanin abin da Habu zai ce da ya ga haka. Na san shi, zai dube ni ya ce, "Ka gani, Sale, agogo ma ya fi ka hankali."

Rigunan da ya yi wa aiki har yanzu ana sa su ranar Juma'a, ina gane hannunsa daga nesa. Almajiransa na ɗinki biyu sun buɗe nasu shagon a Yakasai. Waɗannan su ne nasa. Abin da ya rage nawa kuwa shi ne sunan da na jawo wa gwajin nan a unguwarmu, wanda har yau bai mutu ba. Malam Uba yana fama da ciwon ƙirji tun bayan azumi, an ce ya je a duba shi a kan keken, ya ƙi. 'Ya'yansa sun yi roƙon duniya, ya ce ba wanda zai sa masa hular Habu yana da sauran mutunci.

Makon jiya na same shi a shagonsa, na faɗa masa rabin labarin da na ɓoye musu.

"Yanzu kake faɗa?" ya ce.

Na ce, "Yanzu nake faɗa. Tashi mu je tare. A fara ɗora ni, ka zauna a gefe ka yi dariyarka, sannan a ɗora ka."

Ya ce zai yi shawara. Jiya na koma, ya ce yana kan shawarar, hannunsa dafe da ƙirji. Allah Ya gafarta wa Habu, Ya haskaka kabarinsa. Ni gobe da safe zan sake komawa.