Fatar Kura a Jakar Ƙwallo

Maigidana ɗan sanda ne, amma ba irin wanda ake gani da bindiga a kafaɗa ba. Aikinsa riƙon kare. Karya ce baƙa mai tsayayyun kunnuwa, aka damƙa masa ita tun tana ƙarama, ita ke shinshino ƙwaya da wiwi a cikin kayan matafiya. Lokacin da aka kawo ni unguwar Badariya daga Argungu, matan unguwa ba su tsaya tambayar ko 'yar gidan wa ce ni ba. Matar mai kare, shi ke nan. Na yi kuka a kan wannan suna har na gaji.

Ni kuwa ban raga masa ba. A bariki karyar take kwana, ko ƙofar gidana ba ta taɓa gani ba, amma duk da haka idan ya taso aiki a bakin ƙofa nake tare shi da buta da sabulu.

"Maigida, wanke hannu. Har gwiwar hannu, ina kallonka."

Sai ya yi dariya ya wanke. Mutum ne da ba ya iya faɗa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Abin da ya haɗa mu rigima sosai kifina ne. Ni 'yar masunta ce, ba na rabuwa da banda a madafi. Sai na lura tarwaɗata tana raguwa, yau ɗaya gobe biyu. Na zargi ɓera, na zargi maƙwabciya, ashe ɓarawon yana kwana a ɗakina. Da na kama shi sai ya ce wai darasi yake koyarwa da shi. Yakan jera buhuna a fili, ya sa kifi a wannan, kilishi a wancan, gashin akuya a na gaba, sannan ya ɓoye abin da ake nema a ɗaya. Idan ta tsaya a kan kifi ba ya duka, ba ya tsawa, wucewa kawai yake yi da ita. Idan ta samo na gaskiya sai ta zauna ta zuba masa ido, shi kuma ya zaro wata tsohuwar ƙwallo daga jakar da ke ɗaure a ƙugunsa ya jefa mata. Ladanta ke nan duka.

Na ce, "To Allah ya kyauta. Ni a ci min kifi ya fi min sauƙi da a ce an yi ta wucewa ta gabansa."

Sau ɗaya na gan su a bakin aiki. Ina cikin mota za ni ganin gida, lokacin kamun kifi ne, aka tsayar da mu a shingen da ke kusa da shiga Argungu. Hanya ta cika da kwandunan ɗanyen kifi, ga motar albasa daga Augie, ga awaki ɗaure a saman wata suna ta kuka. Ni da nake mutum ma ƙarni ya cika min hanci. Karyar nan ta bi ta tsakaninsu a hagun maigidana, kafaɗarta na gogar gwiwarsa. Wani bunsuru ya miƙo kai har ya kusa taɓa ta, ta ɗan karkata kunne ɗaya, ta wuce abinta. Wani tsoho a motarmu ya ce, "Kai, wagga ta hi wasu mutane kamun kai." Ban ce masa mijina ne ba, amma a ranar na ji daɗi a raina, kuma ban taɓa gaya wa maigidan ba.

Shekara shida suna tare. A ta bakwai ne 'yan bindiga suka buɗe wuta a wani shinge, suka kashe abokin aikinsa, wanda suke cin tuwo kwano ɗaya. Daga ranar barci ya ƙaurace wa Inna, mahaifiyarsa. Shi kaɗai ne namiji a 'ya'yanta. Ta aiko in zo Argungu ni kaɗai.

Na same ta tana sheƙar shinkafa. Ta ja ni ɗaki, ta kwance bakin zane, ta fito da wata 'yar laya da ba ta kai babban yatsa ba. An rufe ta da fata mai ɗan gashi-gashi, tana da wani wari mai kauri.

"Ɗiyata, hwatar kura ta. Wani maharbi na sa ya samo min. Kin san halin mijinki, in na ba shi ba ya ɗaurawa. Ki ɗunke ta inda ba ya rabuwa da ita, kuma kar ki hwaɗa mai. Kin jiya?"

Na ce, "Na ji, Inna."

Wallahi ban yi jayayya ba, don tsoron da ke cikinta shi ke cikina. Duk hanyar dawowa ina tunanin inda zan sa. Riga ana wankewa, takalmi ana sakewa. Abu ɗaya ne kullum yake jikinsa kuma ruwa ba ya taɓa shi, jakar ƙwallon nan. Ranar Juma'a da ya tafi masallaci na farke shafin jakar, na tura layar, na ɗinke da baƙin zare. Har yaba wa kaina na yi da iya ɗinki.

Ba a yi kwana uku ba ya fara dawowa gida shiru. Da na matsa sai ya ce karyar ta canza. Da ya buɗe ɗakinta sai gashin bayanta ya miƙe. Ta daina tafiya a hagunsa, sai ta ja igiya ta yi nesa, can kuma ta dawo tana kai hanci ƙugunsa tana wani siririn kuka. A bakin aiki rabin hankalinta yana kan kaya, rabi yana kansa. Ƙwallon da take mutuwar so, in ya jefa sai ta shinshina ta ja da baya.

Na ce, "Tsufa ne. Ko kuwa ta ƙoshi da kifina."

Bai yi dariya ba. Ya kai ta wurin likitan dabbobi, aka duba aka ce lafiyarta ƙalau. Ya sake sabulun wanka, ya daina shafa turare, har goro ya bari. Abin da ya fi ci masa rai, idan wani ya riƙe ta sai ta yi aiki tsaf kamar da. Ni kuma ina zaune ina jin duk wannan, ko sau ɗaya layar ba ta faɗo min a rai ba. A wurina laya abin tsari ce, ban taɓa ɗaukarta abu mai wari ba, alhali da hancina na ji warin a ɗakin Inna.

Manyansa suka sa ranar gwaji. Aka jera buhuna a filin bariki, ta wuce wanda aka ɓoye abin a ciki har sau biyu, tana waiwayen ƙugunsa. A gaban kowa ya ɗaga igiyar ya zuba mata a baya. Mutumin da ko kaza ba ya iya kora da ƙarfi. Ya ce ba ta gudu ba, kwantawa ta yi a ƙasa tana kallonsa.

Da la'asar ya shigo. Na tare shi da buta kamar kullum, ya ce, "Bar shi, ba sauran abin wankewa." An ba wani karyar, za a tafi da su wata jiha. Shi kuma an mai da shi tsaron ƙofar ofis. Ya zauna a kan turmi da kakinsa, ya ce, "Ta ƙi ni. Me na yi mata?" Ya rataye jakar a ƙusa a bayan ƙofa, bai sake taɓa ta ba.

Bayan wata biyar ina kakkaɓe ɗaki, na fito da jakar na rataya a turken akuyata don ta sha iska. Akuyar nan mai sanyin hali ta zabura, ta yi ta fizga tana kuka har ta tsinke igiya ta faɗa madafi. Na tsaya da tsintsiya a hannu. Sai fatar kurar nan ta faɗo min a rai, na zauna a ƙasa ina ta salati.

Washegari na hau mota sai Argungu. Na gaya wa Inna komai ina kuka. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "To mi kike ma kuka? An ɗauke shi daga bakin hanya ko ba a ɗauke shi ba? Ɗana na nan da rai. Wancan kuwa kare na kawai, ɗiyata." Uwa ce, kuma abin da ta roƙa ta samu.

Na riƙe maganar a cikina shekara biyu. Ina kallonsa yana rama, yana tafiya aiki kamar wanda ake turawa. Idan kare ya yi haushi a unguwa sai ya ajiye lomar da ya ɗauko. Sau nawa na buɗe baki na rufe. Tsoro nake ji, ba na saki ba, na yadda zai dube ni.

Ranar da labari ya zo cewa karyar ta mutu a can inda aka kai ta, ya dawo da rana tsaka ya zauna a kan turmin nan. Na shiga ɗaki na ɗauko jakar da reza. A gabansa na farke ɗinkina, na sa masa layar a tafin hannu, na gaya masa ta wane ne da wanda ya ɗinka.

Ya kai ta hanci. Ya daɗe a haka. Na so ya zage ni, wallahi na so ya yi, ko ya ɗaga hannu. Bai ko dube ni ba.

Ya ce, "Kura ce take ji a jikina. Kuma kullum sai ta dawo kusa da ni."

Na ce, "Maigida, ka yafe min."

Ya ce, "Na yafe miki, ke da Inna." Ya zaro ƙwallon daga jakar yana juya ta a hannu. "Shekara shida, duk inda ta kai hanci sai na buɗe na duba. Ta yi wata guda tana nuna min jakar nan. Ban buɗe ba, dukanta na yi."